Shukar da Ta Riga Ranarta

Shekara arba'in ba a taɓa riga Baƙo shuka ba a tungarsu. Tungar tana gaba da Illo, dab da iyakar Benin, kusa ƙwarai har in akuyarka ta tsinke da safe, kafin ka kamo ta ta ci ciyawar wata ƙasa. Idan ruwan farko ya sauka, mutane ba sa wahalar tona ƙasa su ga ko ta jiƙu. Zauren Baƙo suke leƙawa. In sungumi ba ya jingine a wurinsa, to lokaci ya yi.

Bana kuwa ga watan Yuni yana shirin ƙarewa, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, amma gonarsa ta bakin hanya, wadda duk mai babur da zai ƙetara iyaka sai ya gan ta, kashi ɗaya cikin ukunta yana kwance fayau, ko ƙwaya ba a jefa ba.

'Yarsa ce ta jawo masa. Sa'adiyya ita ce autarsa, tana shekarar ƙarshe a jami'a, ɓangaren aikin gona. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kama sunan, sai dai ya ce Uwata. Tun cikin bazara ta zo hutu, ta same shi yana gyaran ƙotar fartanya, ta durƙusa.

"Baba, aron gonar bakin hanya nike so. Damina guda."

"Mi za ki yi da ita, Uwata?"

"Gwaji. In ban yi shi ba, ba a ba ni takardar gamawa."

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Za a raba gonar kashi uku. Kashi na farko a shuka masara da ruwan farko, na biyu bayan sati uku, na uku bayan wasu sati ukun. Kowane kashi kuma a tsaga shi: wani gefe a sa masa magani, wani gefe a bar shi haka nan. Maganin yana cikin 'yar kwalba da malaminsu ya ba ta. Ba taki ba ne, ba na kashe ƙwari ba ne. Aikinsa ya zaburar da tsiro, saiwa ta nutsa, kara ya yi ƙwari. A jiƙa iri a ciki kwana guda kafin shuka, sannan a fesa in masara ta kai ganye shida. Da kaka a auna, a ga wane ne ya fi.

Baƙo ya yi dariya har ƙotar ta faɗi daga hannunsa.

"Wanga abu har sai an tahi jami'a? Wanda ya riga shuka shi ka riga cika rumbu. Rubuta haka ki kai musu."

"To Baba, mu auna mu gani."

Ya ba ta gonar. Alkawari da rani abu ne mai sauƙi, lokacin da ƙasa take kamar dutse, sama kuma ba ko ɗigon gajimare.

Kashi na farko tare suka shuka shi. Ta ja igiya, ta kafa turaku, ta ɗaura jan ƙyalle a gefen mai magani, fari a gefen da ba shi. Bayan kwana biyu ta koma makaranta saboda jarrabawa. Kafin ta tafi ta rubuta ranakun a takarda ta manna a bangon zaure, ta maimaita wa mahaifiyarta Batulu da baki, ta kuma ce shukar ƙarshe da kanta za ta zo ta yi.

Tana tafiya ruwa ya ɗauke. Kwana goma sha shida rana na dukan tsiron, ganye ya nannaɗe kamar tabarma. Baƙo yakan je gonar sau uku a yini, ya tsaya tsakanin jan ƙyalle da fari. Idonsa na manomi bai ɓoye masa ba: gefen farin ya fi jigata. Kwalbar tana rataye a ɗakinsa, injin feshi yana bayan ƙofa. Sau biyu ya ɗauko kwalbar ya jujjuya ta, ya mayar. Ya rasa gane irin ilmin da zai sa mutum yana da magani a hannu, ya tsaya yana kallon rabin 'ya'yansa na wahala don kawai a samu abin rubutawa. Amma ya daure.

Ruwa ya dawo. Ranar shuka ta biyu ta zo, ya yi ta yadda aka ce, waya tana aljihun gaba, muryar Sa'adiyya na tuna masa tazarar rami da rami.

Daga nan ne zama ya gagare shi. Damina ta kankama sosai, ko'ina ya yi kore shar, daga bakin tunga har gonakin mutanen Benin da ake hangowa. Wurin da ya rage ja a duk faɗin nan shi ne kashi na uku na gonar Baƙo. Ciyawa ta fito, ya nome ta. Ta sake fitowa, ya sake nomewa. Mutum yana noman gonar da ba shuka a cikinta, masu babur na rage gudu suna kallo. In an kawo masa tuwo a tsaye yake ci. In ya zauna a zaure idonsa na kan takardar bango, ya ƙirga kwanakin da suka rage, ya tashi, ya dawo ya sake ƙirgawa ko ya yi kuskure.

"Malam, ka zauna mana," in ji Batulu. "Kai kaɗai ka mai da gida kamar tasha."

"Ƙasa na kira, Batulu. Ke ba ki ji?"

"Ni ban ji ba. Abin da na ji, ɗiyarka ta ce saura sati biyu."

A ƙofar masallaci ya yi wa mutane bayanin gwajin har ya gaji. Wasu su gyaɗa kai, wasu su ce Allah Ya ba da sa'a, da irin muryar da ake gaida mai jinya.

Ran wata Litinin da la'asar Sambo ya ƙetaro. Sambo yayan Batulu ne, yana zaune a ɗaya gefen iyaka, tafiyar da ba ta fi ta shan shayi ba a kan babur. Shekara talatin suna tsokanar juna shi da Baƙo, amma ran nan bai zo da wasa ba. Ya shigo da babur har cikin zaure, ya leƙa waje, sannan ya kwance wani ƙunshi daga ƙarƙashin riga ya tura shi bayan ƙofa.

"Mi ne ne wannan?"

"Iri ne. Tiya biyu. Ba wanda ya gan ni da shi."

"Wa ya ce maka iri nike nema?"

Sambo ya sunkuyar da kai. "Baƙo, mu ba baƙin juna ba ne. A kasuwar Lolo anka hwaɗa mini. An ce bana abubuwa sun yi maka tsauri, karatun yarinya ya cinye har irin shuka, kana jin kunyar roƙo shi ya sa ka ƙirƙiro zancen gwaji. In haka ne, mi ya hana ka aiko mini?"

Baƙo ya nuna takardar bango, ya nuna rumbu, ya ce Sambo ya zo ya gani da idonsa. Sambo ya ce a'a, ba sai ya gani ba, ya yarda, ya yarda. Da wannan muryar dai ta gaida mai jinya. Ya hau babur ya tafi, ya bar ƙunshin.

Da asuba aka yi ruwa mai laushi, irin wanda ba ya gudu, sai dai ya shige ƙasa. Baƙo ya fito daga masallaci, ƙanshin ƙasa ya bugi hancinsa. Bai shiga cikin gida ba. Ya ɗauki sungumi, ya sunkuya bayan ƙofa ya ɗauki ƙunshin Sambo, ya kama hanya.

Shi ya sara, shi ya jefa, shi ya taka. Aikin mutum uku, shi kaɗai, bai ɗaga kai ba. Sungumi na shiga ƙasa kamar cokali a fura. Bai kula da igiya ba, bai kula da jan ƙyalle ko fari ba. Kafin hantsi ya yi zafi ya gama, ya tsaya a bakin hanya yana haki, yana so wani mai babur ya wuce ya gani. Wani ya wuce, ya ɗaga masa hannu, ya ce barka da aiki. Baƙo ya ji daɗin da rabonsa da shi tun farkon damina.

Daɗin bai kai azahar ba. Yana alwala waya ta yi ƙara, ya duba, Sa'adiyya ce. Ya bar ta ta yi ta ƙara har ta gaji. Saura kwana goma sha ɗaya ranar da ta rubuta.

Batulu ba ta tambaye shi ba. Ta ga laka a bakin sungumi, ta ga ƙunshin ba ya bayan ƙofa, ta aje masa abinci ta ce, "Ni dai ba ni hwaɗa mata. Wanda ya sara shi ka kai labari."

Da can zama ne ya gagare shi, yanzu har gonar ta gagare shi zuwa. Yakan kama hanya, in ya hango turakun ya karkata ya shiga gonar gero. Wayar kuwa ya ce caji ya ƙare, gobe ya ce ba sabis, jibi ya miƙa wa Batulu ya fice. Kwana na biyar ya kasa haƙuri ya je. Masarar Sambo ta fito reras, kowane rami da tsinkensa kore, raɓa a kai. Iri mai kyau ne, ja'irin.

Ya tsaya yana lissafi. In ya kafce ta yanzu, ya baje wurin, kafin yarinyar ta zo ruwa ya shafe sawun. Ba wanda zai faɗa mata. Ya koma gida ya ɗauko fartanya, ya dawo, ya tsaya a kan layin farko, ya ɗaga. Hannun ya tsaya a sama. Tun yana yaro ubansa ya taɓa marinsa don ya taka tsiron dawa guda ɗaya da gangan. Ya sauke fartanyar, ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. Ƙarshe ciyawar da ke tsakanin layuka ya nome, ya koma gida yana tsaki.

Ranar da za ta zo bai aiki kowa ba, da kansa ya hau babur zuwa Bagudo. Tun hantsi yake tasha, ya zaga ta ya fi sau goma, duk motar da ta tsaya sai ya leƙa. Da ta sauko da jakarta da wani sikeli a kwali, ta yi mamakin ganinsa.

"Baba, da kanka? Lafiya? Kwana nawa ina kira."

"Lahiya lau, Uwata. Hau mu tahi."

Ya shirya zai faɗa mata a tasha, ya ga mutane sun yi yawa. Ya ce sai sun fita daga gari. Suka fita daga gari, tana ba shi labarin jarrabawa, tana tambayar tsawon masarar kashi na biyu. Suka hau gada, kogin Kwara ya cika ya yi ja, masunta na jan koma a gefe. Suna sauka ya ga in bai faɗa yanzu ba, gonar ce za ta faɗa mata. Ya gangara gefen titi ya kashe babur. Bai juyo ba.

"Uwata, na shuka kashi na ukku."



"Yaushe?"

"Talatar da ta wuce waccan."

"Ka jiƙa irin a magani? Gefen ja?"

"Ban jiƙa ba. Ba ma irinki ba ne. Na kawunki Sambo ne."

Ta sauka daga babur ɗin. Ta taka zuwa gindin wata giginya ta tsaya, ta ba shi baya. Ya ga kafaɗunta na motsi. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi, amma ba tarbiyyar da ya ba ta ke nan ba. Motoci biyu suka wuce. Da ta dawo idonta ja, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Baba, in ba kashi na uku, ba gwaji. Damina kuma ba ta dawowa sai baɗi. 'Yan ajinmu su fita, ni in zauna shekara guda."

"Ba wata gona da za a yi?"

"Sai ƙasa iri ɗaya, wuri ɗaya. In na kai shi fadama ko tudu, ba a san ko ranar shuka ce ta kawo bambanci ko ƙasar ba." Ta share fuska da gefen hijabi. "Irina yana nan?"

"Ko ƙwaya ban taɓa ba."

"To hanya ɗaya ce. A cire waccan. Gobe in shuka tawa."

Ya san haka za ta ce. Ya tada babur, suka kama hanyar gida.

Batulu ce ta samo mafita, tana tankaɗe, ba ta ma ɗago ba. Ta ce, wa ya ce sai an kashe? Masarar ba ta kai taƙi ba. A haƙo ta da ƙasarta, a kai bayan gida inda aka ɗaure shanu bara, a dasa. Wadda ta kama ta kama.

"Masara ba shinkafa ba ce, ba ta son dashe," in ji Baƙo.

"Ta fi son fartanya ke nan?"

Aka aika wa Sambo. Ya zo da amalanken jaki, da ya ji yadda aka yi ya riƙe baki, ya ce wa Sa'adiyya ta yafe masa, shi taimako ya nufa. Ta ce ba komai Kawu, ɗauki kwano. Tun la'asar har rana ta yi ja suna haƙa, su huɗu, kowane tsiro da dunƙulen ƙasarsa, ana jerawa a kwanoni da buhuna. Duk da haka ba su kwashe ko rabi ba, kuma gobe ce ranar. Sauran kuwa, Baƙo ya ce kowa ya matsa. Shi ya shuka, shi zai cire. Ya yi bisimilla ya sa fartanya, ya bi layi-layi da sauri kamar ana korarsa, bai waiwaya ya dubi abin da ya bari a baya ba.

Washegari Sa'adiyya ta shuka nata, igiya a miƙe. Da ta gama ta zauna a kan kunya ta buɗe littafinta, ya ga tana rubutu mai tsawo.

"Mi kike rubutawa haka?"

"Abin da ya faru. Cewa an yi wata shuka a nan kwana goma sha ɗaya, an cire."

"Har malaminku zai karanta?"

"Dole ne, Baba. Amma ban sa suna ba."

Dashen bayan gida rabi ya mutu, rabi ya yi ƙananan goyo, aka gasa aka ci. Kashi na uku kuwa ya sha wuya. Tsutsa ta same shi yana ƙarami, ruwa ya janye yana tsakiyar fitar da gemu. Baƙo yakan ɓare goyo ɗaya ya ga ƙwayoyi jefi-jefi kamar haƙoran tsohuwa, ya yi tsaki ya yar.

Da kaka ta dawo, aka rataya sikeli a reshen darbejiya, aka auna kashi-kashi. Na uku ya zo ƙarshe, da magani da babu duk kusan ɗaya. A kashi na farko gefen jan ƙyalle ya ɗara na fari sosai, don shi ya fi jure kwanakin da ruwa ya ɗauke. Amma duk da maganin, na farko bai kamo na biyu ba. Baƙo ya sa aka sake aunawa. Ya ce a sauya igiyar sikelin. Aka sauya, aka sake, haka dai.

Sambo, wanda ya ƙetaro don kallo, ya ce, "To ɗiyata, baɗi mu jira sati ukku ke nan?"

"A'a Kawu, ban ce ba. Bana ruwa ya ɗauke bayan na farko. Wata shekara ba zai ɗauke ba. Damina ɗaya ba ta isa shaida."

"Ka ji gaskiya," in ji Baƙo da sauri. "Damina ɗaya ba shaida ba ce."

Bayan wata biyu ta kira shi. Ta ce an karɓi aikin, ta ci. Ta ce malaminsu yana so a maimaita gwajin baɗi a Kende da Matsinkai da Kaoje, a gonakin manoma, amma abin da ke damunsa shi ne wanda zai riƙa zagayawa yana tabbatar da ba wanda ya riga rana.

"Na ce masa ina da mutum. Wanda in ya dubi manomi ya san ranar da hannunsa zai fara ƙaiƙayi."

"Ke Uwata, ki kiyaye ni. Ni da girmana in zama mai gadin gonar wasu? Ba ni yi."

"To shi ke nan, Baba. Zan gaya masa."

Ya tashi daga kan tabarma, ya taka zuwa ƙofar zaure, ya dawo.

"Kaoje kinka ce? Wace gona a Kaoje? In ta gangaren ruwa ce, shukarku ta ukku ambaliya za ta cinye kahin ta yi goyo. Ku nemi ta tudu. Kuma mutum guda ba ya iya garuruwa ukku ran da anka yi ruwa, sai an raba ranakun. Kina ji na? Ba ni lambar malamin naku, ni in yi mishi bayani."